Amsoshin Wasiƙunku: Wane Ne Ke Saita Agogon Wayar Hannu?

 Yau wasiƙa ɗaya tak za mu ɗauka, domin tambayar da ke cikinta mai rassa ce. Ta fito ne daga Sakajiki, cikin ƙaramar hukumar Ƙauran Namoda a jihar Zamfara, daga hannun wani mai saurarenmu manomi, wanda kuma yake fataucin hatsi tsakanin kasuwannin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ga abin da yake cewa:

"Lokacin da aka rufe layukan waya a jiharmu a shekarar 2021, agogon wayata da na maƙwabcina suka raba hanya, har ta kai muna gardama a kan lokacin salla. Da aka maido da sabis sai suka koma daidai, ba wanda ya taɓa su. Yarona da ke karatu a kwalejin fasaha ta Ƙauran Namoda ya ce mani daga tauraron ɗan'adam lokacin yake saukowa, wai har akwai masu kwaikwayon irin wannan agogo a cikin kwamfuta. Shin gaskiya ne? Kuma zan iya dogara da agogon waya wajen sahur da buɗa baki?"

To Malam, mun gode da wannan wasiƙa, Allah ya bar zumunci. Yaron naka bai yi maka ƙarya ba, sai dai ya taƙaita maka labari, domin kuwa tsakanin tauraro da aljihunka akwai 'yan tsakani. Bari mu bi su ɗaya bayan ɗaya, mu fara da wanda ya fi kusa da kai.

Kusan duk agogon da ke aiki da batir, na hannu ne ko na bango, akwai wani ɗan mitsitsin dutse a cikinsa, girmansa da gidansa kamar ƙwayar shinkafa. In ka duba fuskar agogon bango na kasuwa za ka ga an rubuta Quartz, to sunan dutsen ke nan da Turanci. Dangin ƙanƙarar nan ce da iyayenmu suke ƙyasta wuta da ita, sai dai na agogo a masana'anta ake yin sa, a yanka shi da yatsu biyu kamar 'yar gwafa. Halinsa shi ne, da an sa masa wutar lantarki sai ya kama karkarwa, sau 32,768 a cikin sakan guda. Wata 'yar na'ura tana raba wannan adadi biyu, ta sake raba rabin, har sau 15, sai ya rage ɗaya. Wannan ɗayan shi ne sakan ɗin da kake gani yana tafiya. Kamfanin Seiko na ƙasar Japan ne ya fara sayar da agogon hannu irin wannan, a watan Disamba na 1969, kuma wayarka ma da dutse makamancin wannan take ƙirga lokaci.

Amma fa dutse dutse ne. Ba a taɓa yanka guda biyu su fito daidai wa daida, wani zai zamo mai ɗan gaggawa, wani mai ɗan nawa. Ɗan baƙin Casio na roba ɗin nan da ya fito a 1989, wanda har yanzu ake sayarwa a kasuwanninmu, kamfanin da kansa ya faɗa cewa yana iya kuskuren sakan 30 a wata. Sa'an nan ga zafi da sanyi. An yanka dutsen ne ya fi daidai a ma'aunin zafi 25, in aka haura ko aka sauka sai ya rage sauri. Cikin zafin Afrilu, a shagon kwano ko a gaban mota inda ma'auni zai kai 45, agogo zai yi asarar sama da sakan ɗaya a yini. Da sanyin hunturu in ya sauka zuwa 15, asarar kamar sulusin sakan ce.

To yi lissafi da kanka, Malam. Hukumar sadarwa ta ƙasa, watau NCC, ta ba da umurnin rufe layukan waya a Zamfara a ranar 3 ga Satumba 2021, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, saboda yaƙi da 'yan bindiga. Gusau aka fara maido wa sabis, ƙauyuka kuwa suka daɗe a rufe. Mu ƙaddara kwana 60 ba sabis. Wayarka tana gaba da sakan ɗaya kullum, ta maƙwabcinka tana baya da sakan ɗaya, ka ga tsakaninku ya zama minti biyu ke nan. In kuwa bambancin da kuka gani ya kai minti goma ko ashirin, to ba laifin dutse ba ne, a wurin mai caji za ku nemi dalili. Ƙananan wayoyin nan masu tocila, da yawansu da an zare batir aka kai caji sai agogon ya tsaya ko ya koma farko, mai ita ya saita da ka, ko ya tambayi na kusa da shi wanda shi ma da ka ya saita. Da sabis ya dawo, kamfanin waya ya aiko wa kowace waya da lokaci, shi ya sa kuka ga sun haɗu ba wanda ya taɓa su.

Wannan ya kawo mu ga ɗan tsakani na biyu, watau ƙarfen sabis ɗin nan da ke tsaye a bakin gari. Shi ba zai iya zama da kuskuren sakan ɗaya a yini ba. A tsarin GSM, wanda ya fara aiki a Nijeriya a 2001, mutum takwas ne suke raba zango ɗaya, kamar mata takwas a bakin rijiya da guga ɗaya, kowa da layinta. Sai dai rabon kowa bai fi kashi 577 cikin miliyan na sakan ba, a wuce ga na gaba, a sake zagayowa, da saurin da kunne ba ya jin yankewa. Ƙa'idar ta ce kada bugun ƙarfen sabis ya kauce da fiye da kashi 1 cikin miliyan 20. In ya kauce, kana cikin mota daga Ƙaura zuwa Shinkafi kana ciniki ta waya, lokacin da wannan ƙarfe zai miƙa ka ga na gaba sai maganar ta yanke. Tsarin 5G da aka fara a Nijeriya a 2022 ya fi wannan tsanani, domin a can kuskuren da aka yarda da shi bai wuce kashi ɗaya da rabi cikin miliyan na sakan ba.

Saboda haka dutsen da ake sa wa irin waɗannan na'urori na musamman ne. Ana rufe shi cikin wani ɗan ƙaramin tanda mai riƙe zafi ɗaya dare da rana, zafin da ya fi na waje, don kada bazara ko hunturu su taɓa shi. Duk da haka yana tsufa, kullum yana ɗan zamewa kaɗan kaɗan. Dole a samo masa mai tsawata masa.

Mai tsawatarwar shi ne tauraron da yaronka ya ambata. Taurarin GPS na rundunar sojan Amurka ne, an harba na farko a 1978, tsarin ya kammala a 1995. Guda 24 ake bukata, amma masu aiki sun kai wajen 30, suna shawagi a nisan kilomita 20,200 daga ƙasa, kowanne yana zagaya duniya sau biyu a yini. Rasha da Sin da Tarayyar Turai su ma kowa da nasa. A cikin kowane tauraro akwai agogon ƙwayar zarra, wanda ba da dutse yake ƙirga ba. Wani Bature mai suna Louis Essen ne ya haɗa na farko mai inganci a Ingila a 1955, kuma tun 1967 duniya ta amince cewa sakan guda shi ne bugu 9,192,631,770 na ƙwayar wani sinadari da ake kira siziyam. Aikin tauraron ɗaya ne, ya yi ta shela ba dare ba rana: ni ne wane, ga inda nake, ga lokaci. Saƙon yana tafiyar kilomita 300,000 a sakan. Na'urar da ta ji taurari huɗu za ta lissafa inda take tsaye da kuma lokaci. Hazo ba ya tare wannan saƙo, hadari ma haka, kuma ba a biyan ko kwabo. Ba kowane ƙarfen sabis ne ke da eriyar kama shi ba, wasu ta layin kamfani suke karɓar bugun daga babbar cibiya, amma in ka bi sawun cibiyar galibi a tauraro za ka tsaya.

Wani zai ce, to me ya rage, a jefar da dutse mana a bi tauraro. A'a, abin bai kai nan sauƙi ba. Saƙon tauraro yana ratso sama mai nisa, yana karo da gini da ƙarfe, saboda haka bugun da na'ura ke fitarwa kowane sakan yana ɗan rawa, wannan ya zo da wuri kaɗan, na bayansa ya makara kaɗan. In ka tara na yini guda ka raba, gaskiya ce tsantsa, amma ɗaya ɗaya ba abin dogara ba ne. Kamar labarin farashi ne ranar kasuwa. Wanda ya fara fitowa ya ce maka tiyar gero kaza, na biyu ya faɗi wani abu daban, ɗan kasuwan kirki ba ya canza farashinsa da maganar mutum ɗaya, sai ya ji bakin mutane da dama. Dutse kuwa akasin haka yake, daga wannan sakan zuwa na gaba ba ya rawa ko kaɗan, a tafiya mai nisa ne yake ɓata. Sai masana suka haɗa su aure. Dutse ne ke buga lokaci, wata 'yar kwamfuta tana gwada bugunsa da na tauraro, tana ƙara masa wuta ko ta rage, a hankali. Wannan shi ake kira agogon da tauraro ya hora.

Duk wahalar tana cikin kalmar nan "a hankali". Mai riƙe garmar shanu ya san wannan. In shanu suka ɗan karkace ka fincike su da ƙarfi, sai su wuce ɗaya gefen, ka sake fincikowa, kunyar ta fito kamar sawun maciji. In kuma ka yi sake, kafin ka farga kunyar ta lanƙwashe ta nufi gonar maƙwabci. To da wane ƙarfi za a ja dutsen, kuma bayan sakan nawa? Amsar ta danganta da halin dutsen da halin saman wurin. Wani masani a Amurka mai suna David Allan ya fito da hanyar auna wannan a 1966, har yau da sunansa ake kiran ta. Ana auna rawar dutse a sakan 1, a sakan 10, a 100, a 1,000, a auna ta tauraro haka nan, inda layukan biyu suka gitta juna nan ne ya kamata dutse ya fara sauraren tauraro. Ga dutse mai tanda, galibi yakan faɗa tsakanin 'yan mintoci zuwa rubu'in sa'a ko fiye.

A nan ne maganar kwaikwayo a kwamfuta ta shigo, kuma gaskiya ce. In injiniya ya ce sai ya gwada kowace dabara a kan na'ura ta gaske, kowane gwaji zai ci masa makonni, domin tsufan dutse ba ya bayyana a yini ɗaya, kuma ba zai iya kiran bazara ta zo a watan Agusta ba. Sai ya zauna ya rubuta wa kwamfuta dutse na lissafi: ya ce mata yana tsufa da kaza kullum, zafi yana taɓa shi da kaza, ga 'yar rawar da yake yi. Ya rubuta mata tauraro na lissafi shi ma da irin tasa rawar. Wani lokaci ma bugun gaske ake naɗa na kwanaki a ajiye, a riƙa maimaita shi kamar kaset. Sa'an nan ya saki dabararsa a tsakaninsu ya ga yadda za ta riƙe linzami. Wata guda yana wucewa cikin 'yan mintoci. In bai yi ba ya canza lamba ya sake, sau ɗari in ya so, ba a ƙona ko waya ɗaya ba. Ku manoma kun san irin wannan, domin cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya ba ta sakin sabon iri sai ta gwada shi a 'yan ƙananan filaye tukuna.

Babbar tambayar da ake yi wa kwamfutar kuwa irin taka ce, Malam: in aka rasa tauraro, har yaushe za a iya yarda da dutse? Kuma ana rasa shi. Tsawa takan ƙone eriya da damina, ɓarayi sukan yanke waya, akwai na'urorin da ake toshe saƙon da su da gangan, sa'an nan ƙasashen da ke kusa da tsakiyar duniya irin Nijeriya suna da wata matsala tasu, domin bayan faɗuwar rana sararin sama na can ƙololuwa yakan hargitse ya gurɓata saƙon. Na'ura mai kyau, tun tana jin tauraro take koyon halin dutsenta, ta san yadda yake zamewa da tsufa da yadda yake yi da zafi. Ran da tauraro ya yi shiru sai ta ci gaba da gyara shi da abin da ta koya. A kwamfuta injiniya zai kashe tauraron nasa na sa'a 24 ya ga ranar da kuskure zai tsallake iyaka. Ga ƙa'ida mai tsanani irin ta 5G, dutse mai tanda yakan riƙe 'yan sa'o'i ne kawai, agogon sinadarin rubidiyam mai tsada yakan kai yini ko fiye. Wannan lissafi shi ke gaya wa kamfani ko gyara zai iya jiran wayewar gari, abin da ba ƙaramin al'amari ba ne a yankin da ma'aikaci ba ya shiga hanya da dare.

Tauraron kansa ma yakan yi tuntuɓe. Ranar 26 ga Janairu 2016, wajen sallamar wani tsohon tauraro daga aiki, aka aika wa wasu taurarin GPS lissafi mai kuskuren kashi 13 cikin miliyan na sakan. Ɗan wannan abu ya tayar da ƙararrawa a na'urorin kamfanonin sadarwa na tsawon sa'o'i, har ya taɓa wasu tashoshin rediyon zamani na BBC a Ingila. Haka kuma ma'ƙirgin makonni na GPS yana cika ne a mako 1,024 ya koma sifiri, ya yi haka a Agustan 1999, ya sake a ranar 6 ga Afrilu 2019, wasu tsofaffin na'urori suka wayi gari suna nuna shekarar 1999. Waɗanda suka tsira, da dama an riga an gwada su da taurarin kwaikwayo, an nuna masu wannan rana tun ba ta zo ba. Mu dai a namu ganin, aibin kwaikwayo ɗaya ne: abin da ka zuba wa kwamfuta shi za ta auna maka. Wanda ya rubuta lissafinsa yana ɗaki mai sanyi, bai sa zafin Zurmi na watan Afrilu ba, bai sa ranar da man janareto zai ƙare tanda ya huce ba, to amsarsa ta ƙasarsu ce.

Saura tambayarka ta ƙarshe, wadda ta fi sauran nauyi. Waya mai sabis, wadda aka bar ta tana saita kanta, lokacinta ya isa abin dogara, kuskurenta bai kai abin da zai dami mai azumi ba. Sai dai lokacin da take nuna maka na hukuma ne. Tun 1919 Nijeriya ta tsayar da agogo ɗaya ga ƙasa duka, sa'a ɗaya gaba da na Girinwic a Ingila, kuma da shi jirgin ƙasa ya iso Ƙauran Namoda a 1929. Rana kuwa ba ta san da wannan doka ba. Duniya tana juya digiri ɗaya cikin minti 4, wanda a yankinku ya kama kamar kilomita 27 daga gabas zuwa yamma a kowane minti. Ƙauran Namoda tana yamma da Kano da kusan digiri 2, saboda haka rana takan faɗi a Kano wajen minti 8 kafin ta faɗi a wurinku. Sakkwato tana bayanku da kamar minti 5, Maiduguri tana gabanku da kamar minti 26. Tsakanin Ƙaura da Shinkafi da Zurmi bambancin kamar minti ɗaya ne, Gusau ma kusan layinku ɗaya. Ko tsakar rana a wurinku ba ƙarfe 12 ba ce. A farkon Nuwamba rana takan tsaya tsaka wajen ƙarfe 12 da minti 17, a tsakiyar Fabrairu sai wajen 12 da minti 48.

Ka ga ke nan wanda ya kama tashar Kano ya ji an kira magariba ya kai dabino baki a Sakajiki, agogonsa daidai ne, amma rana tana nan ba ta faɗi ba. Haka wanda ɗansa ya sa masa jadawalin salla a babbar waya aka bar shi a kan Legas ko Abuja. Hukuncin azumin da aka sha a haka na malamai ne, su za ka tambaya. Namu shi ne mu ce a nemi jadawalin Gusau ko na Ƙaura, a duba garin da aka zaɓa a waya, a kuma haɗa da ido da kiran ladan.

In an sake rasa sabis, Allah ya kiyaye, kada a zare batir in akwai halin yin caji da shi a ciki, kuma a riƙa gyara agogo da rediyo ko da sau ɗaya a mako. Ƙarar nan shida da BBC take bugawa a kan sa'a tun 1924, farkon ta shida, mai ɗan tsawo, shi ne cikar sa'ar. Amma ta akwatin rediyo za ka saurara, domin wadda ta biyo ta intanet ko ta dish takan makara da 'yan sakanni. Masu zuwa Maraɗi fatauci ba su da damuwa, agogon Nijar da na Nijeriya ɗaya ne. Masu zuwa Gana ko Togo ko Burkina Faso su rage sa'a ɗaya, alhazai kuma in sun dawo su tuna Saudiyya tana gabanmu da sa'a 2. Samarin da ke tura agogon waya gaba don su ci garaɓasar dare kuwa, su huta, kamfani da agogonsa yake lissafi.

Malam, a gai da mutanen Sakajiki, a kuma gai mana da ɗalibin namu. Sauran wasiƙun da ke gabanmu sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.